Gayyar da Aka Yi wa Haladu Mai Adda

Idan kana so ka ga Haladu ya ajiye kofin shayi bai ƙarasa ba, ka ambaci kacalla. Ba sai ka zage shi ba. Ka ce kawai, "Jiya na ga kacalla ta fara leƙowa a bayan firamare," ka ja da baya ka ba shi hanya. Kafin mai shayi ya juya ƙwai, Haladu ya isa gida ya ɗauko adda.

Wanda bai zauna a ƙasar Haɗeja ba zai ce ai ciyawa ce. To, ciyawa ce, amma irin wadda ta fi mutum tsawo, tana tsirowa cikin ruwa, ta cunkushe hanyar kogi har kwale-kwale ya rasa inda zai sa hanci. Inda ake son ruwa sai ta hana shi zuwa, inda ba a so ta tura shi da yawa. Sannan ta ba tsuntsayen jan-baki masauki kyauta, su kwana a cikinta, da safe su tashi su yi kalaci da shinkafar mutane.

An haifi Haladu a wani ƙauye a hanyar Guri, a bakin wani reshe na kogi. Mahaifinsa manomi ne da damina, masunci idan ruwa ya fara janyewa, mai lambu da rani. Abin da aka san tsohon da shi tattasai ne, wani dogo mai kaurin fata, wanda ko an shanya shi ba ya baƙi. Haladu yana saurayi kacalla ta kama bakin reshen kogin. Shekara ta farko suka yanke ta, ta dawo. Ta biyu suka yanke, ta dawo da danginta. A hankali ruwa ya daina zuwa, reshen da ake tuƙa jirgi ya zama hanyar babur. Suka tattara suka dawo gefen gari, nan tsohon ya rasu. Bai bar wa Haladu gona mai ruwa ba. Ya bar masa adda, da irin tattasai a ƙulle cikin tsumma, da ƙiyayya.

Duka ukun Haladu ya riƙe su da kyau. Irin tattasan nan, tunda ba ya jure ajiya, kowace shekara sai ya shuka shi a fasassun bokitai a bayan ɗaki, yana ba shi ruwan alwala, don dai ya sami sabon iri ya ƙulle. Matarsa Asabe ta ce ita ba ta taɓa ganin mutumin da yake murna idan bokiti ya fashe ba sai shi. Addar kuwa ita ta ba shi suna. Shi ne shugaban masu gayyar yankan kacalla, daga nan har wajen Auyo. Duk inda hanyar ruwa ta toshe, shi ake aika wa. Ƙafafunsa kamar an yi musu zane, saboda yankan ganye da cizon matsattsaku. Yana da doka guda da duk wanda ya taɓa shiga ruwa tare da shi ya haddace: inda akwai ruwa, a yanke ta a ƙarƙashinsa don ta shaƙe, inda babu ruwa, a tono saiwar. A gidansa ba a yin shinge da kacalla, ba a rufin rumfa da ita, ko wuta ba a hurawa da ita. Yana bisa babur zai ce wa ɗan acaɓa ya tsaya, ya sauka ya tuge ƙwaya ɗaya da ya hango a gefen titi, ya dawo ya hau kamar wanda ya sauke farali.

Mataimakinsa a gayya shi ne Ari, Babarbare, mai sayar da bandar kifi. Da yake mahaifiyar Haladu Bafillatana ce, su biyun ba sa gaisawa sai da tsiya.

"Bawana, an tashi lafiya?" in ji Ari.

"Lafiya lau. Yau ma ka wanke fuskar, ko sai da sallah?"

Haka suke tun gashin kansu yana baƙi.

Unguwarmu, Tudun Yashi, da Haladu ya zo gidaje ne 'yan kaɗan da karnuka. Yanzu idan baƙo ya shigo sai ya tambayi hanya. Waɗanda ambaliya ta taso sun zo, 'yan kasuwar kifi sun zo, ma'aikatan da suka yi ritaya sun zo sun gina gidaje masu tankin ruwa a sama. Kowane gida da bututunsa da ya leƙo ta bango yana zubar da ruwan wanka da na wanke-wanke. Ga masu wanki da guga, ga masu wankin babur, ga masu gyaran kifi. Ruwan nan duka hanyarsa ɗaya, ya gangara ya faɗa tsohon kududdufin da aka haƙi ƙasar gini. Kududdufin ya yi baƙi, ya yi kauri, ya fara magana da hancin mutane tun daga bakin titi. Kwaɗin da yara kan kama a kai kasuwa ma sun yi ƙaura. Sauro ne kawai ya ga wurin ya yi masa.

Abin haushin shi ne filin Haladu yana ƙasa da kududdufin, jifa ɗaya. Ya daɗe da mallakar filin da niyyar lambu. Ya haƙa rijiya, zafi yana farawa ta ƙafe. Ya ƙara zurfi, ta sake ƙafewa. Ga ruwa a sama da shi wanda ba ya ƙarewa, ga ƙasa a ƙarƙashinsa tana tsagewa. Wata shekara ya rufe ido ya ja baƙin ruwan ya ba wa 'yan shuke-shuke. Ganyen ya ƙone kamar an watsa masa ruwan zafi, ɗan abin da ya tsira kuma Asabe ta ce ba dai a tukunyarta ba.

"Malam, ruwan wankin unguwa na zubar da shi ta ƙofa, sai ka dawo min da shi ta miya?"

A tsakanin nan gwiwoyinsa suka fara ƙara idan zai tashi daga sujada, likita ya ce shiga kogi ya ƙare. Haladu ya zama shugaban gayya na bakin gaɓa, yana nuni da sanda. Burinsa ya rage guda ɗaya: kafin ya bi tsohonsa, ya ga tattasan nan a ƙasa, a filinsa, ba a bokiti ba.

Sai ga Mardiyya. 'Yar marigayi ladanin unguwa ce, mun san ta tana tallan ƙosai, ta tafi karatu ta dawo injiniya. Ta zo da wata ƙungiya da ta yarda ta taimaka, aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Ta yi bayani a taƙaice. Za a haɗa kwatocin unguwa su zama lambatu ɗaya. Ruwan zai fara shiga babban tanki, dauɗa ta kwanta. Daga nan ya bi ta ramuka uku masu faɗi, waɗanda za a daɓe a cika da tsakuwa, a shuka ciyawa a kai. Saiwar ciyawar da tsakuwar su za su tace shi. Abin da zai fito ta ƙarshe ba na sha ba ne, amma zai yi ban-ruwa.

"Ta ina zai fito?" in ji Haladu.

Ta nuna da hannu. Bakin filinsa ne daidai. Ranar Haladu ya sayi shayi har da na mutanen da ba ya shiri da su. Babu wanda ya tambaya wace ciyawa ce. Mu nan idan aka ce ciyawa, tunaninmu bai wuce abincin akuya ba.

Da aka gama gini aka zuba tsakuwa, Mardiyya ta yi sallama a gidan Haladu da yamma. Asabe ta shimfiɗa mata tabarma. Ta gaishe shi a durƙushe, ta tambayi gwiwa, ta yi ta kewaye-kewaye, har ya gaji.

"'Yar nan, faɗi abin da ya kawo ki. Ubanki ma kiran salla yake yi kai tsaye."

"Baba Haladu, ciyawar da za mu shuka ce nake so ka kula mana da ita."

"Wannan ai mai sauƙi ne. Wace iri ce? Daga Kano za a kawo?"

"A nan take."

"Harawa?"

"Kacalla ce, Baba."

Asabe ta ce ta ɗauka numfashinsa ya tsaya. Ya dubi yarinyar, ya dubi addar da ke rataye a bango, ya sake dubanta.

"Makarantar da kika je, da kuɗi aka biya ko kyauta ce?"

Mardiyya ba ta yi fushi ba. Ta ce halin da ya sa ya tsani kacalla shi ne ya sa ake nemanta: ba ta jin ƙyama, ba ta mutuwa da wuri, duk abin da ke cikin ruwa sai ta zuƙe. Ya ce tsuntsaye fa? Ya ce idan ta fitar da kai, iska ta kwashi irinta ta watsa wa gonakin mutane fa? Ta ce shi ya sa ba ta je wurin kowa ba sai wurinsa. Ana buƙatar wanda zai tsaya a kanta, ya sare ta kafin ta fitar da kai, ya hana ta ƙetare siminti ko da taku ɗaya.

"Ba reno nake so ka yi mata ba, Baba. Gadin fursuna za ka yi."

Wannan ta ɗan shige shi, amma ya ce a'a. Ya kwana yana cewa a'a. Da safe Asabe ta fito da bokitan tattasai ta jera masa a tsakar gida.

"Ka zaɓa, Malam. Ko su shiga ƙasa bana, ko ka nemi inda za ka kai su. Ina son wurin shanya."

Ya aika aka kira Mardiyya. Ya ce ya yarda, da sharaɗi guda: kada kowa ya ji. A kewaye wurin da zana mai tsawo, a sa ƙofa da kwaɗo, a ce shi mai gadi ne kawai. Mutumin da ya yi shekaru yana tara jama'a su yaƙi kacalla ba zai tsaya a gaban Ari ya ce ya koma nomanta ba. Mardiyya ta ce gara a gaya wa mutane. Ya ce to ta nemi wani. Ta haƙura, aka kafa zana.

Saiwar kuwa ba ta yi wahalar samu ba. Duk inda aka yi gayya, sai Haladu ya sa a loda masa saiwar da aka tono a amalanke. Ari ya tare shi wata rana.

"Bawana, ina za ka da wannan annoba?"

"Ƙonawa zan yi. Idan aka bar ta a nan, ruwa yana taɓa ta za ta tashi."

Ari ya juya ya dubi matasa. "Kun gani? Gwiwa ta tafi, amma zuciya tana nan. Ku yi koyi."

Haladu ya bi amalanken, kansa a sunkuye, mutane suna sa masa albarka.

Sai kuma abin mamaki. Kacallar da ke tsirowa a inda ba a gayyace ta ba, da aka dasa ta da girmamawa a cikin tsakuwa, sai ta ƙi. Ta yi rawaya, ta langwaɓe, ta kwanta. Mardiyya ta ce haka take yi da farko, a ba ta lokaci. Haladu bai yarda ba. Wani mai kiwon awaki da ya bi ta bayan zanan ya rantse ya ji shi yana faɗa da wani a ciki.

"Kin cinye kogin ubana ba wanda ya roƙe ki. Yau da na kawo ki da hannuna, na ba ki ruwa har bakin gado, shi ne za ki yi min jinya?"

Mai awakin ya ɗauka da aljanu yake, ya ƙara sauri.

Ko faɗan ne ya yi aiki, ko lokacin ne ya yi, sai ta miƙe. Ta yi kore shar, ta cika ramukan uku. Ruwan da ke fita ta bututun ƙarshe ya fara washewa, daga baƙi ya koma ruwan toka, daga nan ya fara nuna ƙasan kwano. Mardiyya tana ɗiba a kwalba tana kai wa gwaji, ta ce saura kaɗan ta ba shi izini. Haladu ya zuba irin tattasai a fangalin reno, duka abin da ke cikin tsumman, bai rage ko ƙwaya ba. Yana shayar da su da ruwan da yake saye a jarka, yana jiran ranar dashe.

Abin da bai lissafa ba shi ne kacalla ba ta san zana ba. Ta yi tsawo ta leƙo ta sama.

Aka yi ɗaurin auren ɗan ƙanwarsa a Kaugama, ya tafi zai kwana biyu. Washegarin tafiyarsa Ari ya bi ta wurin da kwandon kifi a ka, ya ɗaga ido, ya ga koren ganye yana kaɗawa a saman zana. Ya ajiye kwandon. Ya leƙa ta wata kafa. Ya ce sai da idonsa ya kawo ruwa.

A ganin Ari maganar a fili take. Maƙiyiya ta biyo shugaba har wurin aikinsa, ta mamaye shi, shi kuma ga gwiwa, ga kunya, ya kasa faɗa wa kowa. Shi ya sa ya kafa zana. Shi ya sa kwanan nan ba ya haɗa ido da mutane. A al'adarmu kuwa, idan dattijon da ya yi wa jama'a hidima ya gaza, ba a jira ya roƙa. Gayya ake haɗa masa ba da saninsa ba, ya dawo ya tarar an gama. Girmamawar ke nan, kuma daɗinta a ɓoyewar yake.

Ari ya bi gida-gida. Ya je wurin Asabe ya ce za a yi wa maigida gayya a wurinsa, a dafa abinci. Asabe ta ɗauka filin lambun za a gyara masa a tayar da fangula, ta yi ta godiya. Ya ce a ba shi makullin zana. Ta san a nan Haladu yake ajiye fatanyu da shebur, ta miƙa masa. Ta kwana tana gyaran shinkafa.

Da safe unguwa ta fito. Ni ma ina wurin, a ɓangaren masu ba da shawara daga inuwa. Muttaka makaɗi ya rataya ganga, matasa suka tuɓe riguna. Aka buɗe ƙofa, mutane suka ga yadda kacalla ta tsaya a layi-layi kamar an auna da igiya. Wani ya ce, "Kai, ku dubi iskanci, har jeri ta yi." Babu wanda ya tsaya ya yi tunanin wane ne ya jera ta.

Da yake ruwan a ƙarƙashin tsakuwa yake bi, ba a ganinsa, sai Ari ya tuna musu dokar shugaba: inda babu ruwa, a tono saiwa. Suka faɗa wa ramin farko da hannu da fartanya, suka tuge shi tas, suka tara saiwar a gefe. Rami na biyu gajiya ta fara, aka ce a sare tukuna, a dawo wa saiwar bayan an ci abinci. Suka aske shi ƙwal. Mata suka iso da tuwon shinkafa da miyar kifi, Asabe a gaba. Ta shigo ƙofa, ta ga abin da aka yi, ta sauke kwanon a hankali ta zauna a ƙasa. Ta ciro waya ta kira Mardiyya.

Daidai nan Haladu ya sauka daga mota a bakin titi. Ya ji ganga, ya kasa kunne, ya ji sunansa ake kaɗawa. Ya gyara hula, ya fara tafiya irin ta manya, yana murmushi yana amsa gaisuwa. Da ya ga inda taron yake, murmushin ya tsaya a inda yake, tafiyar ta koma gudu. Ranar babu wanda ya ji ƙarar gwiwa.

Ya shigo, matasa suka ɗaga adduna sama, Muttaka ya ƙara wa gangar wuta. Ari ya tare shi da hannu biyu.

"Bawana, ka ɓata mana shiri, da ka ƙara kwana ɗaya. Amma ba komai. Zauna a inuwa ka ga aikin yaranka. Saura rami ɗaya."

Haladu ya dubi ramin farko, tsakuwa tsirara. Ya dubi na biyu, kamar kan jariri ranar suna. Ya juyo ga jama'a.

"Madalla. Allah ya yi albarka. To, ku huta haka."

"Hutu kuma? Yanzu jini ya ɗumama."

"Rana ta yi zafi. Ku bar wannan sai wani makon."

"Kai ka koya mana ba a bar mata kwana."

"Abinci zai huce, Ari."

"Ya huce. Yara, ku shiga."

Matasa suka nufi rami na uku. Haladu ya riga su. Ya tsaya a bakinsa, ya ba kacalla baya, ya buɗe hannuwa kamar mai tare shanu. Ganyen yana shafar hularsa.

"Duk wanda ya taɓa ta, ni da shi ne."

Muttaka ya rage kiɗa, yana duban Ari.

"Ni na shuka ta," in ji Haladu.

Gangar ta tsaya. Wata akuya a bayan zana ta yi kuka, kowa ya ji ta.

"Ka ce me?" in ji Ari.

"Ka ji ni. Kunnenka ne kawai abin da ke aiki a jikinka."

"Saiwar da ka ce ƙonawa za ka yi?"

"Ita ce."

"Wadda na sa yara suka loda maka, har na yi musu wa'azi?"

"Wa'azin ya yi kyau. Ita ce."

Ari bai yi dariya ba, kuma wannan ne karo na farko da na ga haka. Ya ce shinkafar ƙaninsa tana can ƙasa kaɗan. Ya ce su sun bi Haladu cikin ruwa shekara da shekaru, matsattsaku sun sha jininsu, ashe shi yana nan yana yi wa jan-baki gini. Mutane suka fara gunaguni. Haladu bai yi musu ba. Ya karɓi kwanonin sha guda biyu daga hannun mata, ya je bakin tanki ya ɗebo ruwan da ke shigowa, ya je bututun ƙarshe ya tari wanda ke fita. Ya ajiye su a gaban Ari.

"Shinshina."

Ari ya shinshina na farko, ya kawar da kai ya tofar da yawu. Ya ɗauki na biyu, ya duba, ya ga hoton fuskarsa a ciki.

"Wannan mummunan fa?" in ji Haladu. "Shi ma ni na shuka shi?"

Wani ya tuntsire da dariya a baya, sai ta bazu. Haladu ya ce shi bai shirya da kacalla ba, kuma ba zai shirya ba har ya mutu. Kama ta ya yi ya sa ta aiki. Ta ci kogin ubansa, yanzu za ta biya da shan ruwan wankin Tudun Yashi, safe da yamma, ba hutu. Kai kuwa ba za ta fitar ba yana raye, tsuntsu bai isa ya kwana a ciki ba. Sannan muryarsa ta sauka, ya nuna fangalin renon da ke can gefe.

"Irin tsohona ke nan duka. Ban rage ba. Idan ruwan nan bai fito ba, shi ke nan."

Mardiyya ta iso a bayan babur, ta zagaya ramukan. Ta tsuguna ta taɓa saiwar da aka tara. Ta ce rami na biyu ba a yi masa illa ba, zai tofo, dama haka za a riƙa sare shi. Na farko ne matsala. Idan saiwar ta wuni a rana ta mutu, sai an sake daga farko, kuma rami ɗaya ba zai iya da ruwan unguwa ba. Idan aka mayar da ita yanzu, wataƙila.

Kowa ya dubi Ari. Ari ya dubi tulin saiwar, ya dubi tuwon da ke hucewa, ya soke addarsa a ƙasa.

"Muttaka, kana da kiɗan shuka kacalla?"

"Wallahi ko kakana bai taɓa jin sa ba."

"To ƙirƙiro. Bawana ya haukace, kuma ba a barin mahaukaci shi kaɗai."

Haka mayaƙan kacalla na ƙasar Haɗeja suka durƙusa a tsakuwa suna dasa ta, kowa yana roƙon kada wani daga Auyo ya wuce ya gan shi. Haladu yana bin su da sanda yana cewa a ba da tazara, kada a karya mata wuya. Ari yana dasawa yana zaginta, yana tambayar ko a kawo mata matashi.

Ba duka ta kama ba. Ruwan ya koma ruwan toka na wasu makonni, Mardiyya ta hana a taɓa shi, ko da Haladu ya yi ta zarya yana cewa ai tattasai ba ya ganin launi. Kafin ta ba da izini, fiye da rabin renon ya tsufa a fangali ya lalace. Abin da ya rage ya dasa a makare, zafi ya same shi yana fure. Layuka kaɗan ne suka yi 'ya'ya. Amma sun yi, dogaye masu kaurin fata, a ƙasa.

Liman ya ce ruwan ya halatta ga shuka, amma kada wani ya kuskura ya yi alwala da shi. Asabe ta wanke tattasan farko sau ba adadi, ta shinshina, ta jefa a miya. Aka aika wa Ari da kwano. Ya dawo da shi a wanke, da saƙon cewa gishiri ya yi kaɗan.

Yanzu duk lokacin da kacallar ta kusa fitar da kai, gayya ake kira, a fili, da ganga. Ita ce gayya ɗaya da likita bai hana Haladu ba, tunda a tsakuwa ake tsayawa. Shi yake fara sara, kuma duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin ya san ba gadin ne ya fi yi masa daɗi ba. Masu filaye na kusa sun fara jan tiyo, har an fara rigimar wa zai sha ruwa ranar Talata. Ari ya daina ce masa bawana, ya koma Sarkin Noman Kacalla, yana faɗa da ƙarfi a tsakiyar kasuwar kifi.

Bokitan kuwa Asabe ta ba masu sayen tsofaffin robobi, ta ɗaura igiyar shanya a wurin. Kwanan baya na hau babur ɗaya da Haladu, muna cikin tafiya ya daki kafaɗar ɗan acaɓa ya ce ya tsaya. Ya sauka, ya tuge wata 'yar kacalla a bakin kwalbati, ya karkaɗe saiwar ya jefa kan kwalta inda rana za ta same ta. Na ce masa na ɗauka an yi sulhu.

"Tawa ma'aikaciya ce," in ji shi, yana hawa. "Wannan zaman banza take yi."